Rasuwar Mai Ƙeya, Talabijin ɗin Malam Labbo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama saukowa ba, iyalan Malam Labbo Tamba, tsohon hedimasta mazaunin Badariya a Birnin Kebbi, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin talabijin ɗinsu, wanda aka fi sani da Mai Ƙeya. Ya cika ranar Asabar da ta gabata jim kaɗan bayan la'asar, a kan teburinsa na falo, bayan shekara ashirin da uku yana hidima a gidan. A bakin aiki ya rasu, maigidansa na zaune a gabansa da jan biro a hannu.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. A bayan mashin ya iso gidan, a rungume kamar jinjiri, sai da ƙarti biyu suka kama kafin ya hau tebur, kuma tun daga ranar bai ƙara sauka ba. Ba shi da garaje. In an kunna shi sai ya ce "ƙyas", ya yi shiru kamar mai nazari, can ya ja "tsiiii", sannan hoto ya fara leƙowa daga tsakiya. Bai taɓa neman komai a wajen kowa ba, ban da mari ɗaya a kunnen hagu idan damina ta sa masa sanyi. Shi ma marin ba kowa ya iya ba. Na Malam kaɗai yake ji.

Amma babban aikin da za a riƙa tunawa da shi, shi ne shekara goma sha ɗaya da ya yi yana kawo shirin katun ɗin nan na barkwanci, Zauren Baba Tunau, kowace Asabar bayan la'asar. Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani tsoho ne mai mita, da matarsa, da 'yarsu, da akuyarsu mai shiga ko'ina. Wanda ke jan ragamar shirin daga Abuja, shi ke tsara labari, shi ke cewa a zana kaza a goge kaza, sunansa Musaddiq. Mu ne muke iya faɗin sunan. Malam Labbo bai taɓa furta shi ba, don ɗansa ne na fari.

To, kun san kunyar ɗan fari a gidajenmu. Ana yaye yaron aka kai shi Argungu wajen gwaggonsa Riskuwa, ƙanwar Malam, can ya girma. Malam bai ɗauke shi a gaban mutane ba, bai zauna hira da shi ba, balle a zo ga yabo. Yabo kuma! Ai ko ranar da yaron ya zo na ɗaya a jarrabawa, Malam tambaya ya yi ko sauran ɗaliban ba su da lafiya ne. Rabon Musaddiq da Badariya yau shekara huɗu, wai aiki ya yi yawa, kuma uban ba zai buɗe baki ya ce zo ba ko da sama za ta haɗu da ƙasa.

Marigayi Mai Ƙeya ne ya samo musu hanya. Ana gama shirin, Malam zai gyara tabarau, ya buɗe littafinsa, ya buga waya Abuja. Ba ya cewa "kai ka yi". Cewa yake, "A hwaɗa ma mai shirin ga," sai ya fara karanto laifuffuka. Daga can sai a ce, "To Baba, za a hwaɗa mai." Haka za su ɗauki rabin awa, wani lokaci har a kira magariba, uba da ɗa suna gulmar wani mutum na uku da babu shi. A tsakiyar sukar ne ake jin yadda ƙafar Malam ta kwana, a ji ko jikoki sun warke daga mura.

Kuma a faɗi gaskiya, ba duk sukar ce ta son rai ba. Malam ya kama mai shirin dumu-dumu ranar da aka zana Baba Tunau yana yankan shinkafa da lauje a juye. Ya kama shi da maimaita dariya ɗaya, ta akuya ta cinye takarda, sau tara cikin shekara biyu, yana da ranakun a rubuce. Ya ce zango uku na farko da dama-dama, daga nan mai shirin ya fara jin kansa. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya kuwa shi ne 'yar Baba Tunau, wadda ta shekara goma sha ɗaya cur a aji uku, ba ta girma ba, ba a ciyar da ita gaba ba, ba a kuma kira iyayenta ba. Ya ce a makarantarsa da tuni ya san abin yi. Game da Baba Tunau kansa, hukuncin Malam shi ne an zuzuta, babu tsoho mai irin wannan mita a duniya. Duk Badariya an ji wannan hukunci, kowa ya sunkuyar da kai ya kama bakinsa.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne shekara uku da suka wuce, kuma a nan kuskuren ya shigo. Sannu a hankali fuskokin mutanen shirin suka koma kore shar. Bayan wata shida saman hoton ya naɗe, kawunansu suka yanke daga hanci. Murya ta koma "gwaf-gwaf" kamar mai magana cikin randa. Malam bai zargi Mai Ƙeya ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ina! Mai shirin ne ya lalace. Shi ne ya sallami masu fenti, shi ne ya daina zana kai don lalaci. Da uwargida Hauwa'u ta nuna masa cewa ai mai karanta labarai ma ya zama kore, sai ya ce cutar ta game gidan talabijin ɗin ne baki ɗaya. Ba ya kallo a gidan kowa, wa zai gwada masa? Shekara uku yana aika wannan ƙorafi Abuja, shekara uku ana amsa masa da za a gyara.

Ranar Asabar ɗin, shirin bai kai rabi ba marigayin ya ja wani dogon "shuuuu". Malam ya tashi ya ba shi marin da aka saba. Sai ya ce "fat", hoton ya tattare ya koma ɗan ɗigo fari, ɗigon ya ɗan jima, ya tafi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙeya. Aka garzaya unguwar Nassarawa aka ɗauko Abdussamadu mai gyara, ya kwance baya, ya leƙa, ya shinshina, ya mayar da sukurori ba tare da ya taɓa komai ba. Ya ce sai haƙuri, kuma shi mamakinsa yadda aka yi shekaru ana ganin wani abu a ciki.

A ranar ba a buga waya Abuja ba. Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha ɗaya. An ga Malam ya ɗauki wayar ya ajiye ya fi a ƙirga, amma da me zai fara? Babu shiri, babu laifi, babu saƙon da za a kai wa mai shirin.

Washegari Gwaggo Riskuwa ta iso daga Argungu yin jaje, ita kuwa ba ta san rufa-rufa ba. Ta zaro wayarta ta kunna shirin jiya ta danƙa wa Malam. Jama'a, ashe rigar Baba Tunau shuɗiya ce. Ashe fadamar da ke bayan zaurensa an zana ta har da balbelu. Ashe yana da kai, a kan kuma yanzu akwai hula mai lanƙwasa ta gefen dama, da tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Malam ya kai hannu ya taɓa zaren nasa tabarau. Ya kalli shirin har ƙarshe, ya ce a maimaita, ya kalla. Abin da aka ji ya ce kawai shi ne "Uhm", sannan ya nemi ruwa ya shige ɗaki. Wallahi ya ba mu tausayi. Mutum ya gano aikin ɗansa kyakkyawa ne, ya gano an yi shekara uku ana karɓar laifin da ba a yi ba don kada wayar Asabar ta yanke, ga shi kuma bakinsa bai san hanyar yabo ba.

Marigayin ya rasu ya bar rimot guda, wanda ya daɗe da kurumcewa ana riƙe da shi don zumunci. Ya bar eriya a kan rufi tana fuskantar gabas ba ta san abin da ya faru ba, da mayafin saƙa da Hauwa'u ta yi masa tun yana sabo, da shatin ƙafafunsa a kan tebur. Ya kuma bar littafi goma sha huɗu na jan biro, waɗanda Malam ya ce kada wanda ya taɓa. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya maye musu gurbi da mafi alheri.

Za a fitar da gawar ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar daga gidan Malam da ke Badariya, a miƙa ta ga 'yan gwangwan, bisa sharaɗin kada su fasa ta a gaban iyali. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a ƙofar gida, akwai tabarma da kunu. Mutanen Ambursa da Argungu da sauran na nesa, wanda bai samu zuwa ba ya buga waya, an yafe masa.

Mutum ɗaya ne ba a yafe wa ba. Malam ya ce a rubuta, kuma a rubuta cewa ba shi ya ce ba. Duk wanda ya san mai shirin nan ya gaya masa ba a karɓar ta'aziyyarsa ta waya, ba a karɓa ta bakin ɗan aike, kuma in ya kuskura ya sako sabon talabijin a mota, motar za ta koma da shi. Marigayin ya yi masa hidima shekara goma sha ɗaya, ya cancanci a tako. Hauwa'u ta share ɗakin baƙi tun ranar Litinin, ta ce yanar gizo ce ta dame ta. Malam kuwa ya sa an ajiye tabarma ɗaya kusa da tasa, ya hana kowa zama.