Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da har yanzu bai sauka ba, mai shagon buga katunan gayyata na ƙarƙashin bene tana sanar da dangi da abokan ciniki rasuwar kwamfutarta, wadda kowa ya sani da Gwaggo.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa kunyata uwar ɗakinta ba. Da safe takan yi "ƙiiit", fankarta ta yi gyaran murya irin na dattijai, sai ta kama aiki har a rufe shago.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da kamfanin manhajarta ya sanar cewa Gwaggo ta tsufa, ya daina kula da ita. Ƙanin mai shago, wanda ba ya zama wuri bai yi wa'azin manhajar 'yanci, wadda ba mallakar kamfani ba ce, ba, ya ce, "Yaya, kin gani? Kwamfutarki ce, amma makullin yana hannun wasu." Ya goge tsohuwar manhajar, ya zuba tasa. Gwaggo ta koma budurwa wajen gudu, sai dai firinta ta daina amsa mata gaisuwa, rubutun ado kuma ya rikiɗe ya zama akwatuna.

Mijin mai shago, ma'aikacin ofis mai son komai da lasisi, ya ce, "Abin da ba shi da mai shi, in ya lalace wa za ki kai wa kuka?" Shi ma ya goge, ya zuba sabuwar ta kamfani. Nauyi ya danne Gwaggo, kullum tana nishi tana sabunta kanta, aiki na jira.

Haka suka dinga yi, wannan ya zuba, wancan ya kwashe, suna musu a kanta har maƙwabta su leƙo. Babu wanda ya tambayi mai shago, wadda ita dai burinta kati ya fito. Kowanne kuma ya ɗauka ɗayan ya kwafe ayyukan ya adana.

Gwaggo ta cika ne mahaifiyar wata amarya na tsaye tana jiran kati. Ta yi "ƙas, ƙas, ƙas", allo ya yi baƙi, ta tafi da zanen shekaru a cikinta.

Ta bar firinta cikin maraici, da linzamin kwamfuta mai ciwon ƙin dannuwa, da uwar ɗakin da ta gaji da ba mutane haƙuri.

Za a karɓi ta'aziyya a shago. Ana roƙon masu zuwa su taho da tsofaffin katunan da marigayiya ta buga musu, don a sake zanawa daga farko.

Gobe da hantsi za a kai ta wurin mai gyara, ko zai ciro wani abu daga faifan ajiyarta kafin a rabu. Ƙani da miji su za su ɗauki gawar, a ƙafa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, bakinsu a rufe.