Ranar da "Da Sauƙi" Ta Shiga Kotu

Ranar Talata da safe na gai da maƙwabcina, ya ce in tambayi lauyarsa.

Ban ƙara gishiri ba. Na fito ƙofar gida a Yelwa, na tarar da Tizhe zaune a kan benci, ƙafar dama a miƙe, sandunan dogarawa jingine da bango. Na ce, "Maƙwabci, ya jiki?" Ya dube ni, ya dubi aljihun rigata inda waya take, sannan ya ce, "Malam, wannan tambaya ka kai wa Barista Khadijatu. Ni na daina amsawa."

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da mutumin nan. Ya ci naman layyata, na ci shinkafar Kirsimetinsa. Ina tsaye ina neman laifin da na yi, sai matarsa Christy ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Kada ka ji haushi, Malam. Ko Fasto ya zo jiya, haka ya yi masa. Yau ne kotu. Ka zo ka raka mu, ka ga abin da gaisuwa ta jawo mana."

Ga wanda bai san shi ba, Tizhe kafinta ne, ɗan Michika, mai ɗora rufin kwano. Rabin gidajen layinmu shi ya hau kansu. A watan Janairu yana tsaye a bakin hanyar fita gari yana jiran keke, sai ga tirelar shanu ta kamfanin Dogon Zango da gudu. Direba ya kauce wa rami, wutsiyar motar ta share Tizhe. Ƙashin cinya ya karye, gwiwa ta goce. An yi masa aiki, an sa ƙarfe. Likita ya ce akwai aiki na biyu, kuma dole a yi shi kafin ƙarshen damina, in ba haka ba gwiwar ta sandare ke nan. Wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasawa ba ya hawa tsani. Aikin kuwa ya fi ƙarfin kafinta, shi ya sa ya maka kamfanin a kotu. Ba arziki yake nema ba. So yake ya koma kan rufi.

Ramin da aka kauce wa, kowa a garin nan ya san shi. Sau uku Mai Girma Sarkin Cike Rami yana zuwa da jiniya da 'yan rawa ya ƙaddamar da gyaransa, sau uku muna tafi. Masu zanen hatsari sun iso bayan kwana huɗu, lokacin shanun sun daɗe da zama miya a Kudu. Suka auna, suka zana hanya sumul kamar tafin hannu. Na yaba musu ƙwarai. A takarda an cike ramin, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya zana abin da aka riga aka gode wa ogansa a kan cike shi.

Amma ba ramin ne ya kusa kayar da Tizhe ba. Ladabi ne.

Kwana biyu bayan hatsarin, wani Alhaji Ridwan, jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, ya je asibiti da ledar lemu da gwangwanayen madara. Ya cire hula, ya zauna a gefen gado, ya ajiye wayarsa kusa da matashi, ya yi gaisuwa irin ta 'ya'yan mutunci. Da Christy ta ba mu labari, ni da bakina na ce ashe akwai sauran mutanen kirki a harkar mota. Allah ya yafe mini.

Da aka shigar da ƙara, kamfani ya kawo amsarsa a rubuce. Ya roƙi kotu ta kori shari'ar bisa hujja uku. Ta ɗaya, mai ƙara ya amsa da bakinsa cewa jikinsa "da sauƙi". Ta biyu, ya ce "ba komai". Ta uku, ya karɓi kayan sulhu, wato lemu da madara, ya ce "mun gode". Kuma duk suna da shi a murya, domin wayar nan ba hutawa take yi a kan gado ba.

Mai karatu, ka faɗa mini wanda aka taɓa tambaya ya jiki a ƙasar nan ya ce babu sauƙi. Bafulatani saniyarsa ta mutu da asuba, ka gaishe shi da hantsi ya ce maka jam, wato lafiya lau. Na taɓa zuwa duba wani dattijo a Nassarawo, ya riƙe hannuna ya ce da sauƙi, ban kai bakin titi ba na ji an fara kuka. Ba ƙarya ya yi mini ba. Gaisuwa ce, ba takardar likita ba. Kowa ya san haka, har da wanda ya ajiye wayar. Shi ya sa ya ajiye ta.

Zama shida aka yi kafin wannan Talatar, ba a ce uffan a kan ƙafa ba. Ran farko fayil ya ɓata. Ran na biyu fayil ya dawo, Mai Girma Sarkin Fayil ya tafi da makullin durowa. Sau ɗaya taron bita, sau ɗaya tafinta ya je ɗaurin aure, sau biyu lauyan kamfani yana "kan hanya". Ƙashi kuwa ba ya zuwa taron bita. Yana can yana haɗewa yadda ya ga dama.

Muka shiga keke mu uku, ƙafar Tizhe a waje kamar tuta. A kotu babu wuta, don haka aka sa wayar kamfani a cikin kofin shayi don sauti ya fito. Barista Zubair, lauyan Dogon Zango, ya gyara baƙar rigarsa ya danna.

Muryar Alhaji Ridwan ta fito daga kofi: "Sannu, Malam Tizhe. Ya jikin?"

Wata murya can ƙasa, ta mutumin da aka ɗinke shekaranjiya: "Da sauƙi."

"Ka yi haƙuri fa."

"Ba komai."

Tafinta ya miƙe ya juya wa kotu da Turanci. Ɗan abin da na tsinta a makaranta ya ishe ni in gane abin da ya ce: mai ƙara ya warke, kuma ba shi da wani ƙorafi. Aka rubuta. Shari'a saɓanin hankali, in ji masu magana, amma ban taɓa ganin ta saɓa masa a fili haka ba.

Christy ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Da na sani, lemun nan da kansa zan jefa."

Barista Khadijatu mace ce mai furfura da tsohuwar jaka, ba ta ɗaga murya. Ta miƙe ta ce, "Ya Mai Shari'a, ba mu musanta muryar ba. Tasa ce. Roƙona ɗaya: abokin aikina ya fara mana daga minti na uku. A mayar da shi farko."

Barista Zubair ya ce farkon ba shi da muhimmanci, gaishe-gaishe ne kawai.

"Ai gaishe-gaishen muka zo ji," in ji ta.

Mai shari'a ya ce a mayar. Ashe ko wahalar yanke abin ba su yi ba. Wanda ya raina ka ba ya gyara makaminsa. Kofi ya sake magana, wannan karon Alhaji Ridwan ne shi kaɗai, da muryar mai ta'aziyya:

"Madam, sannunku. Wallahi laifin namu ne. Yaron nan namu gudu ya yi masa yawa, kwana biyu bai runtsa ba, mun sha yi masa faɗa. Ku yafe mana. Duk abin da ake buƙata na magani, mu ne. Ko aiki nawa za a yi, kamfani na nan."

Tafinta ya dubi Barista Zubair kamar mai neman izini, mai shari'a ya ce masa ya yi aikinsa. Ya juya, a hankali, kalma bayan kalma.

Barista Zubair ya yi tsalle ya miƙe. "Ya Mai Shari'a, wannan ai al'ada ce. Duk wanda ya je duba mara lafiya haka yake faɗa. Magana ce ta fatar baki, ba a kama mutum da ita."

Barista Khadijatu ta ce, "Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai ya zaɓa mana. In gaisuwa shaida ce, kamfani ya amsa laifi, ya kuma ɗauki nauyin aiki. In ba shaida ba ce, ya mayar da wayarsa aljihu mu yi maganar ƙafa."

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan ramin dai an cike shi nan take, ba jiniya, ba 'yan rawa.

Mai shari'a ya ƙi korar ƙarar. Na so in tsaya nan, in bar ka da daɗi a baki. Amma aikina faɗin abin da ya faru. Barista Zubair ya nemi lokaci don ya tuntuɓi shugabannin kamfani a kan sulhu na gaskiya. Aka buɗe kalanda. Wata mai zuwa babu gurbi, na bayansa hutun shekara ne. Aka tsayar da rana a tsakiyar Oktoba.

Barista Khadijatu ta ce likita ya ce kafin ƙarshen damina. Aka ce mata kotu ta ji, kuma ta rubuta.

Tizhe ya yi lissafi da yatsu, ya dubi gwiwarsa. Christy ce ta ce, "To, sai mu roƙi Allah ruwa ya daɗe bana."

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Alhaji Ridwan. Ya ga sanduna, ya ga ƙafa, tarbiyya ta motsa, ya buɗe baki zai ce sannu. Barista Zubair ya damƙe hannun rigarsa ya ja shi gefe. Christy ta tsaya a gabansu ta rusuna har ƙasa.

"Alhaji, ina wuni. Ya aiki? Ya iyali? Ya direba, ya samu barci?"

Alhaji ya dubi lauyansa. Lauya ya girgiza kai. Babban mutum da babbar riga ya wuce ya shiga mota bai amsa gaisuwar mace ba, mutane suna kallo. Abin da Tizhe ya samu ke nan a ranar: ƙararsa tana da rai, kamfani kuma ya kamu da ciwon da ya sa masa, na tsoron gaisuwa.

A hanyar dawowa keke ya faɗa wani rami, Tizhe ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta fito. Na manta, na ce, "Sannu. Ya jikin?" Ya daɗe yana kallon rufin wani sabon gida da wasu suke ɗorawa, yara biyu a kan katako, layin kwanon ya karkace. Ya ce, "Da sauƙi." Sannan ya ce, "Wancan rufi zai yi yoyo."

Tun daga ranar nake tunanin manyanmu. Duk bayan shekara huɗu suna zuwa da ledar lemu, su cire hula, su zauna a gefen gadonmu su ce ya haƙuri, mu ce sai godiya. Ashe ɗaukar muryarmu suke yi. Da ita suke zuwa su nuna cewa mun warke, ba mu da ƙorafi. Ba wanda ya taɓa cewa a mayar da abin farko mu ji nasu alkawarin.

Saboda haka in mun haɗu a kasuwa ka ce mini ya aiki, ka ga na yi jim, ba girman kai ba ne. Aljihunka nake dubawa.