Ɗigon Da Ya Ware Kansa

Ko na manta komai na zamana a Doha, ɗigon nan ja ba zai taɓa fita raina ba.

Aikina lissafi ne a wani ɗakin bincike kan sankarar hanji. Wasu na karanta ƙwayoyin halittar marasa lafiya, wasu na tantance ƙananan halittun da ke zaune a hanjinsu, ni kuma in zuba alƙaluman a kwamfuta in fito da ma'ana. Ta ina ake samo waɗannan halittu? Ta bayan gida, a gafarce ni. Da aka nemi masu lafiya su ba da nasu don kwatantawa, na yatsina fuska na ce Allah ya sawwaƙe. Washegari na lallaɓa na ajiye nawa a 'yar roba (robar ba suna, lamba ce kawai, ban ma riƙe ta ba).

Kwantiragina na gab da ƙarewa aka ce in gabatar da sakamako gaban Farfesa, shugaban ɗakin binciken. Ranar za a san ko in zauna ko in nufi filin jirgi da jakata. Na ci kwat, na bulbule turare tun daga unguwarmu Mansura.

Zanen sakamakon ya fito tsaf a allo, kowane ɗigo mutum ɗaya ne, marasa lafiya gefe guda, masu lafiya gefe guda. Sai ɗigo ɗaya can ƙurya shi kaɗai. Ni da son a ce na iya raha, na nuna shi na ce ko wane ne wannan, cikinsa kasuwa ce, a cire shi kawai. Aka yi dariya. Kaina ya kumbura, na ƙara da cewa ina tausayin waɗanda ke ɗaki ɗaya da shi.

Dakta Rifkatu, 'yar Jos, masaniyar waɗannan halittu, ta duba sunan ƙwayar da ta yi wa ɗigon yawa. Ta matso ta raɗa mini da Hausa: "Ɗan'uwa, wannan ai ƙwayar daddawa ce. Mu biyu ke cin daddawa a ginin nan, ni kuwa ban bayar ba."

Ita ce ma ta kawo mini ƙullin daddawar daga gida. Na manta makirufo na maƙale a kwalata, na ce, "Innalillahi, ashe nawa ne?"

Farfesa, da yake Balarabe ne, ya ji salati, ya miƙe yana tambayar wa ya rasu. Rifkatu dariya ta hana ta magana. Dole ni na yi bayani da bakina, tun daga miyar kuka. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Farfesa ya ce, "Khalas, shi ke nan, ba mai cire ɗigon nan." Ya sabunta kwantiragina, da sharaɗin in samo bayan gidan duk waɗanda muke cin kwano ɗaya don a bincika.

Haka na bi direbobi da masu gadin da muke kwana ɗaki ɗaya, dattawa masu gemu, ina raba robobi ina sunkuyar da kai. Har yau Malam Roba suke kirana. Ni kuwa yanzu in na ga ɗigo ya ware kansa, kafin in buɗe baki sai na tuna abin da na ci jiya.