Rasuwar Garmahon Lungun Kutare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ɗantani na lungun kutare da ke gindin badala, bayan Gwale, yana sanar da rasuwar garmahonsa, akwatin waƙar nan mai cin faifai, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, saura kwana uku bikin 'yarsa Binta.

Wata baturiyar asibiti ce ta bar masa marigayin da za ta koma gida, tare da faifai huɗu na wata mata mai waƙa kamar ana zare mata rai. Ba wanda ya san me take faɗa, amma lungun ya yi ittifaƙi cewa ita ma danginta ne suka kore ta, sai aka sa mata Gwaggo. In ta ja “Aaaa-ooo” ɗin nan, tsofaffi har hawaye suke yi.

Shekara bakwai marigayin yana yi wa lungun kiɗan suna da biki, a garin da duk makaɗansa, masu bin ko akuya ce ta haihu, ba wanda ya taɓa tako ƙofarsu. Bai taɓa ƙyamar hannun kowa ba. Ɗantani ne ke murɗa hannunsa ya yi masa wani, don shi kaɗai ke da sauran babban yatsa.

Ciwon ajali ya fara ne da allura ta ƙare, aka koma sa masa ƙayar aduwa. Muryar Gwaggo ta dishe, sannan wani abu ya ce ƙas a cikinsa. Ɗantani ya rungume shi har kasuwa wurin Mamman mai gyara. Mamman ya juya shi da tsinin sanda daga nesa, ya ce, “Malam, wannan ai ya kamu. Ɗauke shi kada ka kore mini mutane.” Allah ya saka wa Mamman daidai da aikinsa.

Marigayin ya bar faifai uku da rabi (na huɗun ya ɓare tuntuni), da amarya, da uban amarya wanda ya yi wa 'yarsa alkawarin ba za a kai ta ɗaki shiru kamar gawa ba.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a gindin badala. Mutanen gari da suka saba laɓewa a bayan katanga suna saurare, su yi ta'aziyya daga nan, an yafe musu musafaha. Biki yana nan ranar Juma'a. Mata za su yi tafi da abin da ciwo ya rage musu.