Layi na Arba'in da Bakwai

Ofishinmu na masu haɗa manhaja ya yi dace da Idon Mikiya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuwa wa ya aike mu musu?

Tsarin aikinmu shi ne, in an ga matsala a manhaja sai a rubuta ta a shafin ƙorafi na intanet, wanda ya gyara kuma ya liƙa gyaran a ƙasa. Shi muke kira faci. Facin ba ya buɗuwa a shafin, sai an sauke shi an nemo abin buɗewa. Wannan wahalar ce bawan Allah ya ɗauke mana, don tsabar tausayi. Shi kaɗai ke dubawa, shi ke yanke hukunci, tabarau a karan hanci, goshi a tamke.

Sai ga Auta, sabuwar ma'aikaciya da aka ba gwajin wata uku. In facinta bai shiga ba, aiki ya tafi. Sau uku yana maido mata da shi: "Layi na arba'in da bakwai ya yi rauni. A sake tunani."

"Yallaɓai, ai facin nawa..."

Ya ɗaga hannu. "'Yata, da kunne ake koyo, ba da baki ba."

Ta koma tebur ta ƙara wa shafin wani ɗan maɓalli.

Ranar yanke mata hukunci, Manaja ya haska shafin a babban allo. Idon Mikiya ya miƙe, ya gyara wuyan riga. "Shekara goma sha biyu ina karatun faci. Layi ko a bayan ɗan'uwansa ya ɓuya, sai na zaƙulo shi!"

Manaja ya hango maɓallin, an rubuta "Duba a nan". Ya danna. Faci ya bayyana ƙiri-ƙiri: jan layi ɗaya na abin da aka cire, kore biyu na abin da aka ƙara. Ya ja shafin ƙasa, fayau.

Ya dubi Idon Mikiya. "Malam, layi uku ne nan. Sauran arba'in da huɗun fa?"

Nan take kowa ya buɗe tsofaffin facinsa da aka ƙi. Wallahi duk a arba'in da bakwai muka yi rauni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya ɗauki shekara goma sha biyu.

An tabbatar wa Auta aikinta. Jiya Idon Mikiya ya raɓo teburinta, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"'Yata, wai jan ne ake cirewa, ko koren?"