Bajimin da Ya Ƙwace Mana Fim

Ranar ɗaukar fim ɗinmu na barkwanci a kasuwar shanu, na bugi ƙirji cewa kyamara a hannuna tamkar sanda ce a hannun makiyayi. Tsarin shi ne bajimi ya koro jaruminmu Buba ya afka kwata. To amma bajimin nan Allah ya yi halitta! Ina can ina ɗaukar tozonsa da ƙahonsa, Buba ya afka, ya fito jagab, ban ɗauka ba. Wajen tacewa har kiɗa mai taushi na sa masa.

Da muka haska, ba wanda ya ko murmusa. Can wani dillali ya ce, "Malam, bajimin nan na sayarwa ne?"

Har yau in saniya ta gifta, sai Buba ya ce, "Darakta, ga jarumarka."