Rasuwar Akwatin Kayan Murhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da suka rasa abin yi, ni Aage Thygesen, mai ɗaure kaya a masana'antar ƙarfe ta garinmu a yankin Jutland, nake sanar da rasuwar Akwatin Kayan Murhu.

Marigayin mai haɗa kan 'yan'uwa ne. Shebur, tsintsiya, ƙarfen tonon wuta da maratayinsu, duk a cikinsa suke kwana, a sayar da su da suna ɗaya. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai "ƙwal-ƙwal" in na girgiza shi don in ji ko kowa yana ciki.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da aka kawo kwamfuta mai lissafa abin da za a ƙera da abin da za a sayo. Ita a wurinta babu wani akwati a duniya. In an yi odarsa, sai ta raba shi huɗu, ta nemi ƙarfen shebur daban, gashin tsintsiya daban. Ni kuwa na ci gaba da ɗaurewa tun ba a nema ba, na jera har rufi ina taƙama. Ita kuwa a lissafinta tsintsiyoyin da ke ciki ba a ɗaure suke ba, sai ta sayar da su ɗai-ɗai. Haka na riƙa farke cikin marigayin da wuƙata ina zaro su, ni da na rantse ba mai taɓa shi.

Na je wa manaja Birthe da faɗa. "Aage, ba ta ganinsa fa," in ji ta. Na ce to a sayo mata tabarau. Preben direba ya ce, "A sayo biyu, tsoho, kai ma ka samu."

Da Birthe ta gaji da ni, sai ta share sunan marigayin daga kwamfuta. Kwamfuta ta sake lissafi, ta ce ba a buƙatar kwali, ba a buƙatar igiya, ba a buƙatar teburin ɗauri. Ba ta ambaci mai tsayawa gaban teburin ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan na gane.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, kowa a kantarsa, ba mai gaida wani.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a a ɗakin cin abinci. Babu gawa, tunda an ce bai taɓa rayuwa ba. Akwai kofi da kek mai kirfa, kuma bisa al'ada mai barin aiki ne yake kawowa. Kada kowa ya makara. Ni zan kawo, ni zan yanka.